Daga Bakin Allo: Ƙwan Kaza da Ƙwan Lantarki

 Waɗanda suka komo gida Kalakla muna yi musu barka da dawowa, waɗanda kuma har yanzu suke Madani ko Gadarif ko Maiwurno ko ƙetare, Allah ya maido mana su lafiya.

A wannan wata za mu yi magana ne a kan ƙwai, amma ƙwai iri biyu. Bahaushe gwani ne wajen raɗa suna. Ran da ya fara ganin fitilar Bature tana reto a jikin waya, fara sol, mai kumburi, ga ta da saurin fashewa, bai tsaya wahalar neman sabuwar kalma ba, sai ya ce ƙwai ne, ƙwan lantarki. Maƙwabtanmu Larabawa suna da "bed" daban, suna da "lamba" daban, mu kuwa kalma ɗaya ta ishe mu. To ga shi zamani ya zo ya haɗa su biyun cikin kasafin kowane magidanci. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 1923 da ɗari, watau 2023, da yawa daga manyan gonakin kaji da ke kewayen Hartum da Umdurman suka tsaya cik, aka kwashe wayoyin lantarki, aka farfasa taransifomomi don neman jan ƙarfen da ke ciki. Da mutane suka fara komowa a 2025, iyayenmu mata suka koma ga abin da suka gada, watau 'yan kaji biyar ko goma a tsakar gida, maza kuma suka shiga neman farantin sola da batir da 'yan ƙwayayen LED don yara su sami hasken bita da dare. Kuɗi kuwa kowa ya san yadda suke a hannu. Saboda haka tambayoyi biyu suka yi ta zuwa mana, daga iyayen yara da kuma abokan aiki. Ta farko, wane ƙwai ya fi amfani a jiki, fari ko ja? Ta biyu, me ya sa ƙwan lantarkin da aka rubuta awa 50,000 a kwalinsa, in an saye shi da azumi ba ya ganin babbar salla?

Bari mu fara da na kaza, tun da ita ce babba.

Kaza takan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ta gama ƙwai ɗaya. Gwaiduwa ce ke fara gangarowa cikin wata doguwar hanya a cikinta, farin ƙwai ya naɗe ta cikin kamar awa uku, sa'an nan a rufa tantani, daga nan sai ƙwan ya shiga wani ɗaki inda zai zauna wajen awa 20 ana gina masa ɓawo. Abin da ake ginin da shi dangin dutsen farar ƙasa ne, kuma fari ne. Sai ƙwai ya kusa fitowa, cikin 'yan awoyin ƙarshe, kazar da ke yin jan ƙwai take shafa masa launi a waje, kamar yadda magini yake gama ɗaki tukuna mai fenti ya zo. Wanda yake shakka ya fasa jan ƙwai ya dubi cikin ɓawon, zai tarar da shi fari. Ko kuma ya samu ruwan hal ko na lemon tsami ya jiƙa tsumma ya goga, zai ga jan yana bin tsumman. Wannan gwaji ne da kowane malamin firamare zai iya yi wa yara ba tare da ɗakin gwaji ba, kuma a ƙarshe a soya ƙwan, ba a yi asarar komai ba.

Wannan fenti na ja masana suna kiransa furotofofirin. Ɗan uwan jini ne na kusa, domin idan aka dasa masa ƙwayar ƙarfe a tsakiyarsa, shi ne yake zama abin nan da ke sa jininmu ja. Akwai kuma launi na biyu, mai suna bilibadin, wanda yake ba da shuɗi da kore. Duk wanda ya taɓa gyaran kaza ya san shi ko da bai san sunansa ba, domin shi ne koren nan na matsarmama da ke manne da hanta, wadda iyayenmu mata ke gargaɗin kada a bari ta fashe a nama. Wani Bature mutumin Shafil a Ingila, Henry Sorby, shi ne ya fara rarrabe launukan ɓawon ƙwai tun a 1875. Bayan shekara ɗari da ɗaya, a 1976, wasu masana biyu suka bi ƙwan tsuntsaye iri 108 suna dubawa, suka tarar duk ɗin dai waɗannan launuka biyu ne ake juyawa. Ɗigo-ɗigon ƙwan zabuwa da na makwarwa, da shuɗin ƙwan wasu tsuntsayen daji, duk daga kwano biyun nan aka ɗebo su. Ikon Allah ke nan.

Kila wani ya ce ina aka taɓa ganin kaza mai shuɗin ƙwai? Akwai ta. A ƙasar Cile ta Kudancin Amurka akwai irin da ake kira Araukana, a ƙasar Sin ma akwai wasu. Su nasu shuɗin ya ratsa ɓawon gaba ɗaya, ciki da waje, domin tare ake cuɗa shi da kayan ginin. A 2013 ne masana suka gano dalili: wata ƙwayar cuta ce ta shiga kakannin kajin tun da daɗewa, ta bar wani guntunta a cikin ƙwayoyin gadonsu, shi ne yake sa bilibadin ya riƙa taruwa a ɗakin ginin ɓawo. Ba ya cutar da kazar, ba ya cutar da mai ci. Idan kuwa aka haɗa irin wannan da zakaran masu jan ƙwai, sai 'ya'yan su riƙa yin koren ƙwai, watau ja a kan shuɗi.

Ashe ke nan launin ɓawo gado ne. Farar kazar gona wadda asalinta daga garin Liborno na Italiya ne, farin ƙwai za ta yi ko da me aka ciyar da ita. Jajayen kajin gona kuma ja za su yi. Kajinmu na baladi, da mai ƙwalelen wuya, da 'yar ƙaramar nan Bitwil, nasu tsaka-tsaki ne, ruwan madara mai ɗan duhu. Abin dariya shi ne kowace ƙasa da abin da idonta ya saba. A nan Hartum mun saba da farin ƙwan gona a ɗabaƙ, har muna ganin duk ƙwan da ya ɗan yi duhu na gida ne. 'Yan uwanmu na Kano da Zariya kuwa ƙwan gonarsu, wanda suke saye a kiret, ja ne, sai mutum ya yi yawo bai ga fari ba. Da launi ne amfani, da ɗayanmu ya daɗe da ramewa. Babban ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 6 na abincin gina jiki, ko ɓawonsa fari ne ko ja ko shuɗi. Inda jan ƙwai ya fi tsada a wasu ƙasashe, dalilin shi ne jar kazar ta ɗan fi girman jiki, ta fi cin abinci, mai gona kuma ya ɗora wa mai saye.

Amma kada a ce mun ƙaryata iyayenmu mata da suke cewa ƙwan baladi ya fi daɗi. Suna da gaskiya, sai dai sirrin yana cikin gwaiduwa. Launin gwaiduwa daga abinci yake zuwa. Kazar gida tana yawo tana tsattsagar ɗanyen ganye da ƙwari da tsutsa, don haka gwaiduwarta take yin ja-ja. Kazar gona a ƙasar nan kuwa dawa ce ginshiƙin abincinta, feterita, wadda ba ta da launin rawaya irin na masara, shi ya sa gwaiduwarta take fitowa fari-fari kamar mai ciwo alhali lafiyarta lau. Masu gona sun san wannan, shi ya sa wasunsu suke zuba garin barsim ko wani launi na musamman a abincin. Mai kaji a gida ita ma za ta iya, da ɗan barsim ko ganyen zogale. Sa'an nan ƙwan baladi ƙarami ne, wajen giram 40, na gona kuwa yakan kai 60, kuma a ƙaramin ƙwan kason gwaiduwa ya fi yawa, shi ya sa ya fi maiƙo a baki. To wanda zai sayi ƙwan baladi don ɗanɗano, ko don ya taimaki maƙwabciyarsa da ke sayarwa, ya yi daidai. Amma uban yara shida da yake lissafin sanwicin faɗur na makaranta, ya san cewa ƙwan gona biyu sun yi nauyin na baladi uku. Kuma a yi hattara da mai tallan da zai tsinto ƙananan jajayen ƙwan gona ya zuba a ƙwarya da ɗan ƙaiƙayi ya ce na gida ne.

Akwai dai inda launin ɓawo yake da labari, amma ga mai kiwo ne, ba ga mai saye ba. Idan kazar da ta saba yin ƙwai mai duhu ta wayi gari tana yin mai haske, to akwai abin da ya faru. Tsufa yana kawo haka a hankali, domin ƙwan yana ƙara girma, fentin kuwa bai ƙaru ba. Firgita tana kawo shi farat ɗaya, kamar in kare ko muzuru ya dame su da dare, ko an canja musu wuri. Wani maganin gudawar kaji mai suna nikabazin yana wanke launin sarai. Mafi muni shi ne cuta, musamman ta numfashi da kuma Niyukasil, wadda kan share akurki cikin mako guda. Idan ƙwai ya koɗe, ɓawon ya yi laushi ko ya yamutse, kaji kuma suna tari ko sun yi sukuku, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a ware marasa lafiya a nemi ma'aikacin dabbobi, sauran kuma a yi musu rigakafi.

Sai babban abokin gabanmu, zafi. Kaza ba ta gumi. Idan rana ta take a watan Mayu, ma'auni ya haura digiri 40, ba ta da dabara sai ta buɗe baki ta yi ta haki. Wannan hakin yana fitar da iskar kabon daga jininta fiye da kima, alhali da wannan iskar ce take haɗa kayan ginin ɓawo. Ga shi kuma zafi ya hana ta ci. Shi ya sa ƙwan bazara yake da ɓawo kamar takarda, kafin a kai shi Kasuwar Laffa wasu sun tsage. Maganin ba mai tsada ba ne: inuwar rakuba maimakon rufin kwano, ruwan sanyi daga randa sau biyu ko uku a yini, abinci da sassafe da kuma bayan la'asar. Kowane ɓawo yana cin kimanin giram 2 na sinadarin ƙashi, in kuwa babu a abinci kazar daga ƙashinta take zara. A tanadi garin dutsen farar ƙasa, ko a tara ɓawon ƙwan da aka ci a gasa shi a daka, a ba su da yamma, domin da dare ne ake yawancin ginin.

Ga mai saye kuwa abin dubawa shi ne sabunta. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana fita ta nan, iska tana taruwa a gefen da ya fi faɗi. Sabon ƙwai yana kwanciya a ƙasan ruwa, na kwanaki yana miƙewa tsaye, wanda ya taso sama a rabu da shi. Kada a wanke ƙwan da za a ajiye, domin akwai wani siririn shafi da kaza ta rufe ƙofofin da shi. Da yake firji ya zama kayan ado a gidaje da yawa, a ajiye shi a inuwa kusa da randa. A nan ma muna da abin alfahari, domin tukunyar nan biyu, ɗaya cikin ɗaya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda matan Fashir suka karɓa suna adana kayan miya, wani malamin makaranta ne daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa ta, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Hanya ta ƙarshe ita ce a shiga ɗaki mai duhu a manna fitilar wayar hannu a jikin ƙwai, za a ga girman iskar, a ga tsaga, a ga ko ɗan tsako ya fara kamawa. Farin ƙwai ya fi nunawa, ja yana ɗan ɓoyewa.

Wannan fitilar wayar kuwa LED ce, ga mu ke nan mun iso ƙwai na biyu. Su biyun ma suna da wata alaƙar. Kaza da tsawon yini take lissafin yin ƙwai. Kazar gona tana son hasken awa 16 kafin ta ba da abin da ake tsammani, wajen ƙwai 300 a shekara, yinin Hartum kuwa tsakanin awa 11 da 13 yake yawo. Don haka mai kiwo yana bukatar ƙarin awa uku zuwa biyar na fitila kowace rana, ba mai ƙarfi ba, kuma wadda haskenta ya karkata ga ja ta fi mai shuɗi-shuɗi. Abin da kaza ba ta so shi ne a rage mata abin da ta saba. Idan fitilar akurki ta mutu aka bar ta mako biyu, za a ga abin a ƙwarya.

Waɗanda suka manyanta sun tuna tsohon ƙwai mai zare, wanda yake zafi har ya ƙona hannu. Rayuwarsa awa 1,000 ce, kuma ba haka kawai aka tsaya a nan ba. A watan Disamba 1924 manyan kamfanonin duniya, ciki har da Osram da Philips, suka zauna a Janiba suka ƙulla yarjejeniya cewa kada ƙwan kowa ya wuce awa 1,000, wanda nasa ya wuce a ci shi tara. Gwada irin wannan ƙwai abu ne mai sauƙi. A kunna da yawa a jere, ranar da rabinsu suka mutu ita ce rayuwarsu, cikin kwana 42 an gama.

LED kuwa wani abu ne daban. Ba ta da zare. Ɗan ƙanƙanen dutse ne da ake ƙerawa, wanda yake fitar da haske in lantarki ya ratsa shi. Nick Holonyak ya yi mai jan haske a Amurka a 1962, amma shuɗiya ta gagari masana shekara 30, sai da Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ci nasara a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Farin hasken da ke ɗakunanmu asalinsa shuɗi ne. An shafa wa dutsen wani fenti rawaya ne, shuɗin ya ratsa shi, idonmu ya ga fari. A cire murfin ƙwan da ya mutu, za a ga ɗigo-ɗigo rawaya kamar 'yan gwaiduwoyi a jere.

Shi wannan dutse ba ya mutuwa farat ɗaya, dusashewa yake yi a hankali. Don haka masu sana'ar suka yarda a kan cewa ranar da haskensa ya sauko zuwa kashi 70 cikin ɗari na farko, a ɗauka ya tsufa. Ita ce ma'anar L70 da ake gani a wasu kwalaye. To amma bari mu ɗauki alli mu yi lissafi. Shekara awa 8,760 ce. Awa 50,000 ke nan shekara biyar da wata takwas, dare da rana ba kashewa. A gidan da ake kunnawa awa shida kullum, kusan shekara 23 ke nan. Wane kamfani ne zai zauna shekara shida yana kallon ƙwai kafin ya kai kasuwa? Babu. Abin da ake yi shi ne, ƙungiyar injiniyoyin haske ta Amurka ta fito da wata ƙa'ida a 2008 mai suna LM-80. A kunna duwatsun aƙalla awa 6,000, watau kwana 250, a zafi daban-daban, a tsarin farko digiri 55 da 85 da wani na uku da kamfani ya zaɓa, ana auna haskensu bayan kowace awa 1,000. Sa'an nan a 2011 aka ƙara wata ƙa'idar, TM-21, wadda ta nuna yadda za a ja layin dusashewar zuwa gaba da lissafi. Amma ta kafa iyaka: ba a yarda a yi hasashen da ya wuce ninki shida na lokacin gwaji ba. Wanda ya gwada awa 6,000 iyakar abin da zai ce shi ne 36,000. Mai son rubuta 50,000 sai ya gwada fiye da awa 8,300, kusan shekara guda cur.

Ke nan ko a wurin kamfani mai gaskiya lambar nan hasashe ce, kamar malami ya ga jarrabawar yaro ta aji ɗaya ya ce ga abin da zai ci a aji shida. Babbar matsalar ma ba nan take ba. Gwajin na dutsen ne kaɗai, ba na ƙwan gaba ɗaya ba. A gindin kowane ƙwai akwai ɗan allo da ke karɓar lantarkin gida mai bolt 230 ya tace shi ya rage shi daidai cikin dutsen, kuma a yawancin ƙwayayen da ke mutuwa wannan allon ne yake fara tafiya. A kansa akwai wani abu kamar ɗan gwangwani, kafasita, wanda masu gyara a nan suke ce wa mukassif. Da ruwa-ruwa a cikinsa, zafi kuma yana busar da shi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. Alal misali wanda aka yi don ya yi awa 2,000 a digiri 105, zai yi 8,000 a 85, ya yi 32,000 a 65. Yanzu a kwatanta ɗakin gwaji mai digiri 25 da ɗakinmu mai rufin kwano a watan Yuni. Bambancin digiri 20 kaɗai ya mayar da rayuwarsa kashi ɗaya cikin huɗu. Zafin da ya sa kaza haki shi ne dai yake cin ƙwan da ke rataye a kanta. A ƙara da hawa da saukar wutar janareta, da bugun da wuta take yi in ta dawo bayan ɗaukewa, da ƙurar habub da ke rufe jikin ƙwan ta hana shi huce zafi.

Masu araha kuma suna ƙara wani abu. Maimakon duwatsu da yawa kowanne yana aiki kaɗan, sai su sa 'yan kaɗan su matsa musu wuta, ya yi ƙyalli a shago ya burge mai saye. A jere suke kamar carbi, ɗaya ya ƙone duk su mutu, shi ne baƙin ɗigon da ake gani. Yaran da ke gyara suna tsallake wanda ya ƙone da dalma, ya sake kamawa, kuma muna yaba musu, amma zafin da ya kashe na farkon yana nan yana jiran na biyu. Araha ba ta ado.

Ba wai ba a iya yin mai ƙarko ba ne. A 2011 kamfanin Philips ya ci gasar da ma'aikatar makamashi ta Amurka ta sa, ta dala miliyan 10. Aka ɗauki ƙwai 200 aka kunna su a zafin digiri 45, watau irin namu na bazara, har awa 25,000, kusan shekara uku, haskensu bai ragu da wani abin kirki ba. Sai dai da ya shiga kasuwa a 2012 wajen dala 50 ake sayar da guda. A can ɗin dai, hukumar kare masu saye ta kai kamfanin Lights of America ƙara a 2010 saboda ya rubuta awa 30,000 da hasken da ƙwayayensa ba su da shi, a 2014 kotu ta ce ya biya fiye da dala miliyan 21. In an yi haka a inda ake da kotu da ɗakin gwaji a kusa, ina ga kwalin da ya ratso teku ya sauka Fotsudan ba sunan kamfani ba adireshi? Tarayyar Turai ma da ta ga lissafi kaɗai bai isa ba, tun Satumba 2021 ta sa a riƙa gwada ƙwan gaba ɗayansa: a ɗauki goma, a kunna minti 150 a kashe minti 30, har sau 1,200, wata biyar ke nan, kuma dole tara su rayu. A ganinmu irin wannan gwaji ne ya dace da mu, bai fi ƙarfin jami'o'inmu ba, muna kuma roƙon Hukumar Muwasafat ta duba shi, amma a yi shi a zafin ƙasar nan.

Kafin nan, mai saye ya kare kansa. A daina tambayar wat nawa ne, a dubi lumin, shi ne ma'aunin haske. Ƙwan kirki mai wat 9 yana ba da lumin kamar 800, daidai da tsohon mai wat 60. A raba lumin da wat, in abin ya faɗo kusa da 100 magana ce mai yiwuwa, in kuwa kwali ya ce wat 5 lumin 1,500, to mai ƙarya a nan ba zai yi gaskiya a awoyi ba. A ɗaga shi a ji nauyinsa, domin ƙarfen da ke janye zafi yana da nauyi. Kada a kulle shi cikin gilashin ado, kada a manna shi da kwanon rufi, a sauko da shi da waya kamu biyu. Ƙwai biyu masu wat 5 sun fi ɗaya mai wat 12 daɗewa a ɗaki mai zafi, kuma in ɗaya ya mutu yara ba su rasa karatu ba. Fitilun caji da na sola kuwa batir ne yake riga kowa mutuwa, don haka faranti a rana, batir a inuwa. Bankin Duniya ya kafa shirin Lighting Africa a 2007 don tantance irin waɗannan fitilu, tun 2020 kuma aikin yana tafiya da sunan VeraSol. Suna kunna fitila har awa 2,000, su sako ta daga tsayin mita guda a kan siminti, su auna batirinta, kuma jerin waɗanda suka ci yana intanet, duk ɗalibin sakandare zai iya duba wa mahaifinsa.

Abu na ƙarshe aikinmu ne mu da kanmu. Duk wanda ya sayi ƙwai ya sa mai shago ya rubuta kwanan wata a kwali ya faɗi damanin wata nawa ya ba shi, mai shagon da ya ƙi kuwa ya riga ya ba da amsa. In an je gida a rubuta ranar a gindin ƙwan da alƙalamin da ba ya gogewa. Masallatanmu da makarantun allo da na boko su ne suka fi dacewa da wannan, domin awoyin kunnawarsu sanannu ne, daga magariba zuwa bayan isha'i, da kuma asuba. Ladan ko wani ɗalibi ya riƙe ɗan littafi: sunan ƙwai, inda aka saya, ranar da aka ɗaura, a wutar gwamnati yake ko janareta ko sola, a ƙarƙashin kwano yake ko a rakuba, da ranar da ya mutu. A bar littafin ya ratsa Afrilu da Mayu da Yuni tukuna, sa'an nan a aiko mana ta hannun edita, mu haɗa na unguwanni mu buga a wannan fili.